Ranar da ke kan kati da ranar da ke bakin Inna

Duk ranar 1 ga Janairu, shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp na ma'aikatan Arewa kan cika da taya murna. Malamar asibiti, lauya, malamar jami'a, ma'aikaciyar banki, kowace an liƙa hotonta ana yi mata addu'ar shekaru masu albarka. Wanda bai san dawar garin ba sai ya zaci iyayen waɗannan mata sun haɗa baki ne suka yi naƙuda a dare ɗaya. Alhali da yawan ranakun nan ba daga ɗakin haihuwa suka fito ba. Wata hedimasta ne ya ƙirƙira mata ranar da aka kai ta aji ɗaya, bayan ya sa ta ɗora hannu bisa kai ta kamo kunne. Wata a takardar rantsuwar shekaru ta kotu ta samo tata. Wata kuma mai rajistar katin ɗan ƙasa ne ya gaji da tambaya, ya zaɓa mata ranar farko ta watan farko, ya kira na baya.

A can gida kuwa, a Wurno ko Rabah ko Goronyo, akwai wata dattijuwa wadda ba ta ga hoton ba, ba ta kuma san an yanka kek ba. Ita ce ta san ranar. Ba ta san ta da lamba ba, amma ta san ta da abin da ya fi lamba wuyar ƙaryatawa: ta san ranar mako, ta san watan, ta san abin da ake yi a gona, ta san wanda ya rasu a makon da wanda aka ɗaura wa aure. Ranar haihuwar mace ta gaskiya a wannan yanki ba ɓata ta yi ba. Tana ajiye a wurin mutum ɗaya ko biyu, kuma wa'adinta shi ne wa'adinsu. 'Ya'ya matan da suka yi karatu su ne kaɗai ke da abin da za a juya wannan ajiya ta koma rubutu, kuma su ne suka fi kowa sakaci da ita, domin katin da ke cikin jakarsu ya riga ya ba su amsa.

A ɗauka wata ma'aikaciyar jinya ce a Sakkwato, ana ce mata Ladi a gida, takardunta kuma sun ce an haife ta 1 ga Janairu 1990. Ta je Wurno ta tambayi mahaifiyarta, uwar ta ce: "Lahadi ta, da asuba, kwana biyat da rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar. Ba a daɗe da yin Mauludi ba, ana shirin yankan dawa." Ga wanda bai kula ba, wannan hirar tsofaffi ce. Ga wanda ya kula, shaidu huɗu ne aka jera masa. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu ranar Talata 1 ga Nuwamba 1988, bayan shekara 50 a kan mulki. Kwana biyar daga Talata ya faɗa Lahadi, 6 ga Nuwamba. Mauludin shekarar Hijira ta 1409 ya zo ne cikin ƙarshen Oktoba 1988, don haka maganar watan ta tsaya. Nuwamba kuma kaka ce, dawa ta nuna. Ga kuma sunan da ake kiran ta da shi. Kowace shaida ta gaskata 'yar'uwarta, kuma katin ya ci mata fiye da shekara guda.

Wannan lissafi yana yiwuwa ne saboda uwa tana riƙe da kalanda biyu lokaci guda ba tare da ta kira su da suna ba. Akwai ta wata, wadda ke tafe da Cika-ciki da Mauludi da azumin tsofaffi da Azumi da salloli biyu. Akwai ta gona, wadda ke tafe da bazara da damina da marka da kaka da hunturu. Shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka Azumi yana zagaya yanayin shekara, ba ya komowa inda ya tashi sai bayan kimanin shekara 33. Azumin 1988 cikin zafin Afrilu da Mayu aka yi shi. Na 1996 ya faɗo cikin sanyin Janairu da Fabrairu. Na 2010 cikin ruwan Agusta da Satumba. Idan uwa ta ce ta haihu ana azumi kuma ana hura wuta a ɗaka don ɗari, ta riga ta rage shekarun da ake zato zuwa 'yan kaɗan. Sauran aikin na abin da ya faru a gari ne.

Gabashin Sakkwato kuwa ba ya rasa irin waɗannan turaku. Akwai canjin kuɗi na 1984 da yunwar da ta biyo bayan farin shekarar, wadda mutanen karkara suka raɗa wa suna 'Yar Buhari. A wannan shekara ce kuma aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima. Akwai sanƙarau na 1996, shekarar da aka tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki aka naɗa Muhammadu Macciɗo, aka kuma cire Zamfara daga jihar Sakkwato. Akwai husufin rana na Maris 2006, da haɗarin jirgin da ya ci Macciɗo a ƙarshen Oktoban shekarar. Akwai ambaliyar Satumba 2010, wadda ta shafe gonaki da gidaje a fadamar Rima tun daga Goronyo har Sakkwato. Macen da ta goya jaririya ta tsere wa wannan ruwa ba ta bukatar wanda zai tuna mata shekarar.

Tarko ɗaya ne mai lissafi ya kamata ya lura da shi. A ƙidayar uwa, rana tana farawa ne daga magariba. "Daren Juma'a" daren da Alhamis ta wuce ne, don haka Jummai da aka haifa bayan isha'i tana iya zama 'yar Alhamis a kalandar boko. Haka kuma kwanan watan da aka tsayar da gani, bisa sanarwar fadar Sarkin Musulmi, kan saɓa wa na lissafin kwamfuta da kwana ɗaya. Ranar mako ce ke raba wannan gardama, domin ita ba a taɓa saɓani a kanta ba.

A nan ne darajar sunayen rana take fitowa. Ladi, Altine, Talatu, Balaraba, Lami, Jummai, Asabe: kowanne takardar haihuwa ce da ba ta jiƙewa, gara ba ta ci. Azumi da Tasalla sun faɗi watan. Kande ko Delu ta faɗi cewa maza ne suka riga ta. Gambo ta bi tagwaye, Auta ta rufe ƙofa. Al'ummar da ba ta da ofishin rajista ta rubuta bayanin haihuwa a jikin mutum, ta yadda duk inda aka kira shi an karanta. Abin lura shi ne waɗannan sunaye suna ja da baya, musamman a gidajen 'yan boko, inda ake ganin su a matsayin ƙauyanci, ana maye gurbinsu da laƙabi masu daɗin ji waɗanda ba su ɗauke da labarin komai. Da a ce takarda ta riga ta iso kafin sunan ya tafi, da babu asara. Ba ta iso ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne aka yi wa rajistar haihuwa a Nijeriya, a jihar Sakkwato kuwa ba su kai ɗaya cikin huɗu ba. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa ta ɗora aikin a wuyan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tun 1992, amma mafi yawan matan karkarar jihar a gida suke haihuwa, a hannun ungozoma, nesa da inda ake cika fom.

To, in har uwa ta san duk wannan, me ya hana ta faɗa? Amsar tana cikin wata ɗabi'a da kowa ya sani amma ba a cika auna tsadarta ba, wato kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunan 'yarta ta fari. Ba ta yi mata wasa a gaban mutane, ba ta yabon ta, wani lokaci ma ba ta amsa gaisuwarta da sakin fuska. A ƙasar Sakkwato, inda kunyar Fulani ta gauraya da ta Hausawa, abin ya fi tsauri. Haihuwar fari kuma galibi a gidan iyayen mace ake yin ta, bayan an kai ta goyon ciki. Kaka ce ke dafa ruwan wankan jego na kwana arba'in, ita ke dama kunun kanwa, ita ke karɓar 'yan barka, sau da yawa kuma ita ko wata goggo ke ɗauke yarinyar bayan yaye ta riƙe ta. Sai labarin ya rabu gida biyu: wadda ta ji zafin an hana ta magana, waɗanda aka yarje wa magana kuma sun girme ta, su ne kan riga ta tafiya.

Kuskure ne a ɗauki wannan shiru a matsayin rashin ƙauna ko mantuwa. Macen da ba ta taɓa furta sunan ɗiyarta ba tana iya faɗin launin zanen da aka fara naɗe ta a ciki bayan shekara arba'in. Tana iya faɗin wanda ya je kiran ungozoma, da inda aka binne mabiyiya, da wanzamin da ya yi askin suna, da ko rago aka yanka ko akuya saboda shekarar ta yi tsanani. Tunawar ranar haihuwa a wurinta ba ta shekara-shekara ba ce. Tana zuwa ne duk lokacin da aka fara yankan dawa, ko aka ga watan Mauludi. Ba ta dai da wurin da al'ada ta ware mata ta faɗe shi. Saƙon taya murna na waya, wanda uwa a Legas ko Landan ke rubuta wa ɗiyarta da dogon yabo, ba shi da takwara a bakin uwar Wurno, kuma tilasta mata ta kwaikwaye shi rashin ladabi ne.

Akwai masu cewa duk wannan damuwa da ranar haihuwa baƙuwar al'ada ce, wasu malamai ma suna ganin bikinta bidi'a ne ko koyi da waɗanda ba Musulmi ba. Wannan muhawara ta biki ce, kuma malamai sun ishe ta. Sanin ranar wani abu ne daban. Ya tabbata a hadisi cewa da aka tambayi Annabi (SAW) game da azumin Litinin, ya bayyana cewa ranar ce aka haife shi. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan yankin yana komawa ga shekaru wajen tabbatar da balaga idan alamomi ba su bayyana ba, ga kuma lissafin shayarwa da yaye. Gidajen malamai sun daɗe suna rubuta haihuwar 'ya'yansu a bangon littafi. Shi ya sa aka san an haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta ranar Lahadi, ƙarshen watan Safar na 1168, daidai da 15 ga Disamba 1754.

Sai dai tarihin wannan yanki ya nuna wata karkata: an fi kiyaye ranar fita duniya fiye da ranar shigowa. Muhammadu Bello, wanda ya gina Wurno a matsayin ribaɗi ya kuma zauna a cikinta, an san ya rasu a can a 1837, kabarinsa na nan ana ziyarta. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, kamar yadda ta yi wa mutane da dama, maza da mata, kuma takan rufe waƙoƙinta da ramzin shekarar da ta yi su. Ita kanta, wadda ta kafa tsarin 'yan taru ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata, shekarar haihuwarta kawai ake ambata, wajen 1793. Tagwaye ne ita da Hassan, mahaifiyarsu Maimuna kuma ta rasu tun suna ƙanana. Rabah ta ba da misali mafi kusa. Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Sarkin Rabah Ibrahim, an san daren da aka kashe shi a Kaduna, 15 ga Janairu 1966. Haihuwarsa kuwa, wasu littattafai sun ce 1909, wasu 1910. Idan haka ta faru ga ɗan hakimi, jikan Sarkin Musulmi, wanda ya zama Firimiyan Arewa, ba sai an tambayi makomar ɗiyar manomin albasa ba.

A da, wannan rashin tabbas bai cutar da kowa ba, domin tsara ake sani, ba shekara ba. Yanzu kuwa lamba ce ke buɗe ƙofa ko ta rufe ta. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da lambar NIN. Wanda ya haura shekara 30 lokacin kammala jami'a ba ya zuwa bautar ƙasa. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Fasfo da asusun banki da katin ɗan ƙasa in suka saɓa wa juna, gyaran kan ci kuɗi da watanni. Ga yarinyar karkara abin ya fi haka nauyi. Jihar Sakkwato ta kafa dokar kare yara a 2021, amma duk dokar da ta rataya a kan shekaru, ko ta makaranta ce ko ta shari'ar ƙananan yara, tana zama hoto a gaban alƙali idan babu mai iya tabbatar da shekarun yarinyar da ke tsaye a gabansa.

Akwai kuma abin da katin ba zai taɓa ɗauka ba ko da ranar da ke kansa daidai ce. Labarin haihuwar mace labarin lafiyarta ne. Ko uwar ta kumbura, ko ta yi jijjiga, ko naƙudar ta kwana biyu, ko bakwaini aka haifa, ko akwai waɗanda suka riga ta suka koma. Likitoci sun san cewa macen da mahaifiyarta ta yi hawan jinin ciki ta fi wasu fuskantar haɗarinsa, kuma haihuwar tagwaye kan bi dangin uwa. Ma'aikaciyar jinyar nan ta misali tana yi wa mata masu awon ciki waɗannan tambayoyi kowace safiya. Da wuya a ce ta taɓa yi wa mahaifiyarta su.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne halin da yankin ke ciki. Tunawar uwa ba ita kaɗai take tsayuwa ba, tana jingina ne da gari. In ta yi shakka, akwai ungozoma, akwai kishiya, akwai maƙwabciyar da suka yi wankan jego tare, akwai sa'ar yarinyar da aka yi sunansu mako ɗaya, wadda wataƙila mahaifinta malami ne ya rubuta. Harin da 'yan bindiga suka kai Tabanni a ƙaramar hukumar Rabah cikin Yulin 2018 ya kora mutanen ƙauyuka zuwa Gandi. Na kasuwar Goronyo cikin Oktoban 2021 ya hallaka sama da mutum 40 a yini ɗaya. Tsakanin waɗannan da bayansu, ƙauyuka da dama sun watse, wasu mutanen sun nufi Sakkwato, wasu sun ƙetara Nijar. Idan gari ya watse, ba rumbu da dabbobi kaɗai ake rasawa ba. Waɗanda za su ce "ƙwarai, a gabana aka yi" su ma sun bazu, littafin da malam ya yi rubutu a bangonsa kuma wataƙila ya ƙone tare da zauren.

Gaskiya ne tunawa tana kuskure. Uwa mai 'ya'ya tara tana iya ɗora damina ta wannan a kan haihuwar waccan, kuma "shekarar ruwa" ta fi ɗaya a bakin gulbin Rima. Wannan hujja ce ta a tambayi mutum biyu ko uku a gwada maganganunsu, ba hujja ce ta a yarda da ranar da magatakarda ya zaɓa don ya huta ba. Ƙin da ya fi wannan ƙarfi shi ne wanda ba a faɗa a fili: da yawa daga cikin masu ilimi sun san ranar katin ƙarya ce, sun kuma fi son ta a haka, domin an rage shekarun ne da gangan saboda bautar ƙasa ko neman aiki ko tsoron ritaya. Wannan tsakaninsu ne da doka da kuma Ubangijinsu. Amma ko wadda ba ta da niyyar taɓa takardunta ba ta da uzurin barin gaskiyar ta mutu. Abin kunya ne mace ta riƙe digiri biyu, ta san ranar da aka haɗe Kudu da Arewa, amma 'ya'yanta su gaji ranar haihuwarta daga hedimastan da ko sunansa ba ta tuna ba.

Yadda za a yi tambayar shi ne rabin aikin. 'Yar fari da ta zauna gaban mahaifiyarta ta ce, "Inna, ba ni labarin ranar da kika haife ni," ba za ta samu komai ba sai harara, ko a aike ta ɗebo ruwa. Ta goggo ake bi, ko ta yaya, ko a bar ƙanwa ta yi tambayar ita tana gefe tana tsintar shinkafa. Ba a tambayar abin da uwa ta ji, ana tambayar abin da gari ke ciki: wane sarki, wane hakimi, gero ya yi ko bai yi ba, kafin Salla ko bayanta, wa aka haifa kusa. Wayar da ake ɗaukar hoton kek da ita tana ɗaukar murya, in an nemi izini. In kuma ba a yarda ba, takarda da biro sun isa, a rubuta yadda aka faɗa da karin harshen mai faɗa, a bar juyawa zuwa kwanan watan boko sai an koma birni.

Uwar ba za ta ambaci suna ba. Za ta ce "waccan", ko "yarinyar nan", tana kallon wani wuri, kamar labarin ɗiyar maƙwabta take bayarwa. Tana iya farawa daga wani abu da ba a tambaye ta ba, kamar cewa a shekarar ne gulbi ya ci gonar shinkafar mahaifinta, ko cewa kakar yarinyar ta sayar da tunkiyarta don sayen itacen wanka. Kada a katse ta don a dawo da ita kan kwanan wata. Sau da yawa a cikin irin wannan kewaye ne shekarar take fitowa.